Saƙon da ake jira yana Spam, tarkace kuma sun cika akwati: yadda ake gyara rariyar imel

Wata malamar sakandare daga Mabera ce ta aiko da wannan tambaya: "Gmail nike amfani da shi, ina buɗewa a kwamfutar makaranta, wani lokaci a shagon buga takardu. Kullum sai na iske saƙonnin talla da na masu ba da bashi da na wai na ci kyauta. Ina gogewa suna dawowa. Abin da ya fi ƙona mini rai, gayyatar ganawa ta gurbin karatun digiri na biyu da na yi wata biyu ina jira, ashe tana cikin Spam, sai da ranar ta wuce na gan ta. Mi ya kamata in yi?"

Malama, Allah ya musanya miki da mafi alheri. Na fi shekara goma ina kula da imel ɗin ma'aikata a wani ofis a nan Sakkwato, kuma kukan da kika yi na biyu, wato ɓatan saƙon kirki, shi ne wanda ya fi damuna a wannan aiki. Tarkace a akwati ɓacin rai ne da ɓata lokaci. Saƙon kirki da ya faɗa Spam kuwa, wato wurin da Gmail ke jefa saƙonnin da yake zargin na banza ne, yana iya zama gurbin karatu, ko aiki, ko cinikin da mutum ya daɗe yana nema. Matsalolin biyu tushensu ɗaya: rariyar da ke tace miki saƙonni ba ta san ki ba tukuna, domin ba ki taɓa gaya mata komai ba.

In fara da gogewar da kike yi. Duk lokacin da kika goge saƙon banza, kin share ɗaki ne kawai, ba ki kai ƙara ba. Gmail bai san dalilin gogewar ba, don mutane na goge saƙon da suka karanta suka gama da shi, ko da na ɗan'uwansu ne. Abin da ke koya masa shi ne maɓallin nan mai alamar motsin rai a cikin wani zane mai kusurwa takwas, wanda ke saman jerin saƙonni, an rubuta masa Report spam. Ki sa alama a kan saƙonnin, ko ashirin ne a lokaci guda, ki danna shi. Za su koma Spam, kuma ƙararki za ta haɗu da ta sauran mutanen da aka aika wa irin wannan saƙo a duniya. Idan masu ƙara suka yi yawa, mai aikowar ya zubar da mutuncinsa a idon na'urar, gobe saƙonsa ba zai ga akwatin kowa ba. A Yahoo maɓallin sunansa Spam, a Outlook kuma Junk, aikin duk ɗaya ne. Ki yi mako biyu zuwa uku kina haka ba fashi, za ki ga bambanci da idonki.

Yana da kyau ki san yadda rariyar ke yanke hukunci, don in kin gane wannan, sauran bayanin ba sai kin haddace ba. Mutane da yawa suna zaton kalmomin saƙo kawai take dubawa. Kafin ta kai ga kalmomi, tambayar farko da take yi ita ce: wannan saƙo daga gidan da ya ce ya fito yake? Adireshin imel kashi biyu ne. Abin da ke gaban alamar @ sunan mutum ne, abin da ke bayanta sunan gida ne, kamar gmail.com ko udusok.edu.ng. Tsarin imel tsoho ne, an gina shi tun lokacin da masu amfani da shi 'yan kaɗan ne kuma sun san juna, saboda haka a asalinsa kowa na iya rubuta sunan gidan da ya ga dama a matsayin mai aikowa, kamar yadda za ki iya rubuta kowane suna a bayan ambulan. Daga baya aka ƙirƙiro hanyoyi uku na toshe wannan ɓaraka. Ta farko ana kiranta SPF: mai gida yana wallafa jerin na'urorin da ya yarda su aika saƙo da sunansa, kamar sarki ya ce ga manzannina, duk wanda ya zo ba cikinsu ba, ba ni na aiko shi ba. Ta biyu DKIM, wannan hatimi ne. Wasiƙun sarakunanmu na da suna ɗauke da hatimi don mai karɓa ya tabbatar daga fada suka fito, wannan ma haka yake, sai dai hatimin na lissafi ne, kuma in aka taɓa abin da ke cikin saƙon a hanya, hatimin ba zai ƙara dacewa ba. Ta uku DMARC, umarnin mai gida ne kan abin da za a yi da saƙon da ya zo da sunansa amma ya faɗi waɗancan gwaje-gwaje: a bar shi, a jefa shi Spam, ko a mayar da shi tun daga bakin ƙofa.

Kina iya ganin sakamakon da kanki. Ki buɗe saƙo a Gmail, ki danna ɗigo ukun da ke gefen dama kusa da kibiyar ba da amsa, ki zaɓi Show original. Za ki ga SPF da DKIM da DMARC a jere, kowane da PASS ko FAIL a gabansa. Idan kuma kika ga alamar tambaya a wurin hoton mai aikowa, Gmail na gaya miki ne cewa bai iya tantance gidan ba.

Bayan asali sai mutunci. Na'urar da ta aiko saƙon, an san ta da aika tarkace? Mutum nawa suka kai ƙarar wannan gida a makon nan? Tun watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara wa manyan masu aikawa. A ƙa'idar Google, duk wanda ke aika saƙo fiye da 5,000 a rana zuwa adireshin Gmail dole ya kafa waɗancan hanyoyi uku, dole ya sa hanyar fita daga jerinsa da dannawa ɗaya, kuma kada masu kai ƙararsa su kai uku cikin dubu. Kin ga ke nan ƙararki ɗaya tana da nauyi fiye da yadda kike zato.

Sai a ƙarshe a zo kan abin da saƙon ya ƙunsa. Da can ana rubuta wa na'ura jerin kalmomin da za ta ƙi, 'yan damfara kuma suna canza harafi ɗaya su wuce. A 2002 wani masanin kwamfuta mai suna Paul Graham ya yaɗa wata dabara da ta dogara da lissafin Thomas Bayes, wani malamin coci ɗan Ingila na ƙarni na 18. Dabarar ita ce a ba na'ura tulin saƙonnin kirki da tulin na banza, ta ƙirga kowace kalma sau nawa take fitowa a kowane tuli, sannan in sabon saƙo ya zo ta auna wane tuli ya fi kama da shi. Rariyar yau ta wuce wannan nesa ba kusa ba, tana duba mahaɗai, wato wuraren da ake dannawa su kai mutum wani shafi, da fayiloli da yanayin aikawa, amma har yanzu da misalai take koyo, kuma masu ba ta misalan su ne irinmu masu danna maɓalli. Google ya ce yana tare fiye da kashi 99.9 cikin 100 na irin waɗannan saƙonni, kimanin biliyan 15 a kowace rana. Ki lissafa, ko ɗaya cikin dubu ne ya tsallake, miliyoyi ne. Naki rabon a cikinsu shi kike gani da safe.

To me ya jefa gayyatarki Spam? Ban ga saƙon ba, amma na san abin da ya fi yawan jawo haka a makarantu da ofisoshinmu, domin ya taɓa faruwa a hannuna. Wata shekara muka aika sanarwa ga mutum ɗari da wani abu daga wata sabuwar na'ura da aka kafa don rajista. Saƙo iri ɗaya, a minti ɗaya, da fayil a maƙale, kuma ba a sa sabuwar na'urar a jerin manzannin gidanmu ba. Kwana uku shiru, ba wanda ya amsa. Sai wani dattijo ya zo ofis da kansa a kan babur daga Dundaye, cikin ranar nan ta watan Afrilu, ya cire hula yana share zufa ya ce, "Yaro, an ce kun aiko muna takarda, ni ban ga komi ba." Na karɓi wayarsa na buɗe Spam, ga sanarwarmu nan a tsakanin tallar maganin ƙarfi da ta caca. Laifin namu ne, kuma gyaran layi ɗaya ne na rubutu, amma mutane da dama sun makara saboda shi. Tun ranar ba na aika sanarwa sai na gwada ta a Gmail da Yahoo da Outlook tukuna. Abin da nake so ki ɗauka a nan shi ne, gida na gaskiya yana iya yin kama da na ƙarya a idon na'ura saboda sakacin masu kula da shi, kuma ke ba ki da iko a kan wannan. Ikonki yana ɓangarenki.

Ki fara da wannan saƙon da ya ɓata. Ki shiga Spam, yana gefen hagu, in ba ki gan shi ba ki danna More. Ki buɗe saƙon ki danna Not spam, sannan ki ajiye adireshin a cikin lambobinki na Google. Amsa saƙo ma tana taimakawa, don na'urar na lura da wanda kike musayar magana da shi. Amma abin da ya fi duka ƙarfi shi ne ki kafa doka da hannunki. A ƙarshen dama na akwatin bincike da ke saman shafi akwai wata 'yar alama, ki danna ta, fom zai sauko. A layin From ki rubuta sunan gidan makarantar tare da alamar @ a gabansa, ki danna Create filter, ki sa alama a Never send it to Spam, in kina so ki ƙara da sa masa tauraro, ki tabbatar. Daga ranar duk abin da ya fito daga gidan nan akwatinki zai shigo. Wannan aiki a burauza ake yinsa, manhajar Gmail ta waya ba ta da wurin kafa doka, saboda haka yadda kike buɗewa a kwamfuta ma alheri ne a gare ki. Da zarar kin kafa, dokar na zaune ne a wurin Google, tana aiki ko da wace na'ura kika buɗe. A Outlook ana kiran wurin Safe senders, a Yahoo kuma akwai Filters a cikin saituna.

Sai dai ki yi hattara da wannan ƙofa. Kada ki buɗe ta ga gmail.com ko yahoo.com baki ɗaya, don kin buɗe wa duniya ke nan. Ban kuma ba da shawarar a buɗe ta ga sunan banki ba, domin sunan banki shi aka fi kwaikwaya, kuma a nan ne kike buƙatar rariyar ta yi aikinta ba tare da kin ɗaure mata hannu ba. Ki buɗe wa wurin da kika aika takarda kina jiran amsa, in an gama ki rufe.

Sannan ki mayar da duba Spam al'ada. Gmail na share duk abin da ya kwana 30 a ciki, ba tare da ya tambaye ki ba. Ni ranar Juma'a bayan na dawo masallaci nake dubawa, minti biyu, sunayen masu aikowa kawai nake bi da ido ba na buɗewa. Idan kina jiran wani abu mai wa'adi, kullum za ki duba. Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: in kika yi bincike a Gmail, ba ya leƙa Spam da kwandon shara sai kin ce masa. Ki rubuta in:anywhere sannan sunan makarantar, zai nemo ko'ina. Ɗalibai nawa na ga sun rantse ba a aiko musu da komai ba, alhali binciken ne bai leƙa can ba.

Yanzu mu koma kan tarkacen da ke cikin akwati, don ba duka ne jinsi ɗaya ba, kuma maganinsu ya bambanta. Akwai tallar kamfanin gaskiya da kika taɓa ba shi adireshinki, kamar kantin intanet da kika sayi atamfa, ko shafin neman aiki, ko manhajar da kika yi rajista kika manta. Irin wannan ki fita daga jerinsu. Gmail na nuna kalmar Unsubscribe a sama, dab da sunan mai aikowa, ita za ki danna, ta fi wadda ke can ƙasan saƙon aminci. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba ki haƙƙin ki ce a daina aiko miki da talla, kuma akwai hukumar NDPC da aka kafa don irin wannan ƙara. Amma saƙon wanda ba ki taɓa sani ba, mai cewa kin ci kyauta ko an zaɓe ki a tallafi, kada ki taɓa komai a cikinsa, har da wurin da ya ce ki danna don a daina aiko miki. Dannawar shaida ce cewa akwai mai rai a bayan adireshin kuma yana karantawa, daga nan darajar adireshinki ta tashi a kasuwar masu sayar da jerin adireshi. Kada kuma ki amsa, ko da zagi ne. Na san wani abokin aiki da yake mayar musu da wa'azi mai tsawo a kan haramcin cin dukiyar mutane, da kyakkyawar niyya, amma saƙonnin ninkuwa suka yi.

Hotunan cikin saƙo ma suna iya kai rahoto. Akan ɓoye ɗan hoto mai girman ɗigo, da zarar ya buɗe mai aikowa ya san an karanta. A saitunan Gmail, ƙarƙashin General, akwai wurin Images, ki zaɓi a riƙa tambayarki kafin a nuna hotuna. Ga mai amfani da datar waya ma sauƙi ne.

Toshe mai aikowa, wato Block, yana da amfani a kan mutum ɗaya da ya dame ki da adireshi ɗaya. A kan 'yan damfara kuwa ɗiban ruwa ne da rariya, don gobe da sabon adireshi za su zo. Haka kafa doka a kan kalma ɗaya, kamar a ce duk saƙon da ke da kalmar bashi a goge shi, ban so a yi. Wata rana saƙon ƙungiyar adashin malamai ko na NELFUND, asusun ba ɗalibai bashin karatu, game da ɗanki zai zo da wannan kalma, ya tafi ba ki sani ba. In dole sai kin kafa irin wannan doka, ki ce a tsallake akwati a sa masa laƙabi, kada ki ce a goge. Lambar 2442 da ake aika wa STOP kuma, wadda hukumar NCC ta tanada, ta saƙonnin tes na waya ce, ba ruwanta da imel. Ina faɗa ne don an sha tambayata.

Nau'in da ya fi haɗari shi ne mai tarko, wanda ke zuwa da rigar banki ko hukuma. Da a ce irin tsohuwar wasiƙar nan ce ta ɗan tsohon minista mai neman inda zai ajiye miliyoyi, wadda ta sa duniya ta san lambar 419, sashen dokar laifuffuka da ake aiki da ita a kudancin ƙasar nan, da kowa ya gane ta, banza ba ta kai zomo kasuwa. Na yanzu sun fi wayo. Za a ce an rufe asusunki sai kin sabunta BVN, ko NIN ɗinki bai haɗu da layinki ba, ko akwatin imel ɗinki ya cika za a rufe shi cikin awa 24. Tambarin daidai, Turancin ba kuskure, wasu ma da Hausa mai kyau, don haka tsohuwar shawarar nan ta a duba kuskuren rubutu ta daina isa. Sunan da ke bayyana a sama ba hujja ba ne, kowa na iya rubuta sunan banki a wurin. Ki danna 'yar kibiyar da ke ƙarƙashin sunan ki ga cikakken adireshin. Kuma sunan gida daga ƙarshe ake karanta shi. Idan kika ga jamb.gov.ng shi kaɗai, gidan JAMB ne. Idan kika ga jamb.gov.ng sannan aka ci gaba da ɗigo da wani suna ya ƙare da .com, to mai wancan suna na ƙarshe shi ne mai gida, na farkon allo ne kawai ya kafa a ƙofarsa. A kwamfuta kina da wata dama da mai waya ba ya samu cikin sauƙi: ki ɗora kibiyar linzami a kan mahaɗi ba tare da kin danna ba, ainihin inda zai kai ki zai fito a ƙasan burauza ta hagu. Banki ba ya neman lambar sirrin kati ko lambar da ya turo miki ta waya a imel. In zuciyarki ta kasa kwanciya, ki rufe saƙon ki je reshe, ko ki kira lambar da ke bayan katinki. Irin wannan saƙo kuma ki kai ƙararsa da Report phishing da ke cikin ɗigo ukun nan, ya fi Report spam zafi.

Maganar shagon buga takardu da kika ambata ita ta fi tsaya mini a rai. Wani ɗan kasuwar fata ya taɓa zuwa wurina, yana da mai saye a kudu da suka shekara suna hulɗa ta imel, sai kwatsam saƙonnin mutumin suka ɗauke. Ya duba Spam babu. Ya zauna a gabana da carbi a hannu yana cewa, "Wanga mutum bai taɓa yi man haka ba." Muka buɗe saitunansa, muka shiga Filters and Blocked Addresses, sai ga wata doka da shi bai kafa ba: duk saƙon da ya fito daga mai sayen nan, a tura kwafi zuwa wani baƙon adireshi, a goge na asali. Wani ne ya samu shiga akwatinsa, wataƙila ta kwamfutar shago da ya bari a buɗe, ya juya masa rariyarsa ta koma aiki a kansa. Mai kutsen yana karanta saƙonnin, kuma har ya aika wa mai sayen sabuwar lambar asusu. Allah ya sa mutumin ya kira waya kafin ya tura kuɗi. Jikin Alhajin rawa yake lokacin da ya ga adireshin.

Saboda haka yau ɗin nan ki duba wurare uku a saitunanki: jerin dokoki, shafin Forwarding and POP/IMAP ko ana tura saƙonninki wani wuri, da kuma kalmar Details da ke can ƙasan akwatin ta dama, wadda ke nuna na'urorin da suka shiga kwanan nan. Duk abin da ba ki gane ba ki cire, ki canza kalmar sirri, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu don ko an saci kalmar sai an samu wayarki. A kwamfutar da ba taki ba ki buɗe tagar sirri ta burauza, kada ki yarda ta ajiye kalmar sirri, in kin gama ki danna Sign out da hannunki. Rufe shafi kawai ba fita ba ne. Kada kuma ki karanta wa yaron shago kalmar sirrinki ya buga miki, ko da ɗan maƙwabta ne, ki ja allon bugun gabanki.

Daga ina suka samu adireshinki tun farko? Galibi mu muke bayarwa. Fom ɗin tallafi da ke yawo a WhatsApp, wanda ba a san mai shi ba. Rubuta adireshi a fili a ƙarƙashin sanarwar aiki a Facebook. Saƙon da shugaban ƙungiya ya aika wa mutum tamanin ya jera adireshinsu duka kowa na gani, maimakon ya sa su a layin Bcc da ke ɓoye su. Sai kuma satar bayanai daga kamfanoni, wadda ba laifin kowa a cikinmu: Yahoo da kansa ya amsa cewa kutsen da aka yi masa a 2013 ya shafi asusu biliyan 3. Akwai shafin Have I Been Pwned da wani masanin tsaro ɗan Ostareliya, Troy Hunt, ya kafa a 2013, in kika sa adireshinki zai gaya miki ko ya fito a irin waɗannan sace-sace. In ya fito, kalmar sirrin da kika yi amfani da ita a can ta mutu, kada ki bar ta a ko'ina.

Adireshin da ya riga ya bazu ba ya dawowa, amma kina iya rage na gaba. Gmail na ba ki damar ƙara alamar + da kowace kalma bayan sunanki, kafin @, saƙon kuma ya iso akwatinki ɗaya. Ki ba kanti adireshi mai +kanti, ki ba makaranta mai +karatu. Sai ki kafa doka a layin To: na +karatu kada ya je Spam, na +kanti ya tsallake akwati. Ranar da tallar caca ta zo ta +kanti kin san wanda ya sayar da ke. Wasu fom ɗin ba sa karɓar alamar, shi ya sa na fi son hanya mai sauƙi ga wanda ba ya son dogon lissafi: adireshi biyu. Ɗaya na banki da makaranta da aiki, ba a ba kowa shi sai hukuma. Ɗaya na rajistar kasuwa da duk abin da aka ce sai an sa imel. Na biyun ko ya cika da shara ba asara.

Ki kuma leƙa yawan wurin da ya rage miki. Gigabait 15 Google ke bayarwa kyauta, kuma Gmail da Drive da Photos ne ke rabawa, har abin da ke Spam da kwandon shara yana cikin lissafi. In ya cika, saƙo ba ya shigowa sam, komawa yake ga mai aikowa, wannan ya fi faɗawa Spam muni. Ki rubuta category:promotions older_than:1y a wurin bincike, tsofaffin tallace-tallacen da suka haura shekara za su fito, ki share su, sannan ki zubar da kwandon.

Game da gurbin karatun nan kuwa, Malama, kada ki haƙura tukuna. Ki amsa wannan saƙon da kika ciro daga Spam, a taƙaice, ki faɗi gaskiyar abin da ya faru da ranar da kika gan shi, ki haɗa da hoton allo, ki nemi ko akwai zama na biyu. In makarantar a nan gari take ko kusa, ki buga takardar ki kai ofishin karatun gaba da digiri da ƙafarki, ki nemi ganin sakataren. In saƙonsu ya faɗa Spam a wurinki, da wuya a ce ke kaɗai ce, kuma mai yiwuwa sun riga sun lura kujeru da yawa sun zauna babu kowa ranar ganawar.